Basasa, Tukurawa da Tafashiya: Yadda Yaƙi ke Samun Suna

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗan marigayin, Tukur. Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙi mubaya'a, ya fice zuwa Takai. Bayan rasuwar Yusufu, ƙanensa Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, sannan ya karya Tukur a Tafashiya a 1895.

Wannan rikici ya bar wa manazarcin harshe hanyoyi uku na laƙaba suna. Ta ɗaya ita ce aro: masana na danganta kalmar "basasa" da Yaƙin Basus, wanda ƙabilun Bakr da Taglib suka gwabza kafin Musulunci. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, har ta game yaƙin Biyafara. Ta biyu ɗafa-ƙeyar "-awa" ce, wadda ke nuna jama'a a Arawa da Kabawa, amma a Tukurawa da Yusufawa ta nuna magoya baya. Ta uku sunan wuri ne, kamar yaƙin Lugu na 1899 a nan Arewa.

Saboda haka, ɗalibin da ya je ɗaukar bayanin dattawa a Gecheme ya rubuta sunan yaƙi kamar yadda ya fito daga bakinsu, domin sau da yawa sunan ne ke fallasa ɓangaren mai ba da labari.