Shin Yawan Cin Nama Na Lalata Ƙoda?

Idan Babbar Sallah ta zo, gidajen Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji har Kuchi, sukan cika da naman layya. A irin wannan lokaci akan ji wasu na gargaɗi cewa yawan nama na kashe ƙoda. Wannan darasi zai duba abin da bincike ya gano a kan wannan magana.

Furotin da aikin ƙoda

Furotin shi ne sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata. Ana samunsa a nama da kifi da ƙwai da nono, haka kuma a wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna cewa baligi na bukatar kimanin giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Ke nan mai kilo 60 na bukatar kusan giram 50. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kimanin giram 6, busasshen wake giram 100 kuwa kimanin giram 23.

Jiki ba shi da rumbun ajiye rarar furotin. Hanta kan sarrafa abin da ya yi saura, ta fitar da wani datti mai suna yuriya, jini ya kai shi ƙoda. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu kan tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su bar kamar lita ɗaya da rabi ta zama fitsari. In mutum ya ci furotin da yawa, saurin tacewar kan ƙaru.

Abin da bincike ya nuna

A 1982 wani likitan ƙoda na Amurka, Barry Brenner, ya kawo hasashen cewa wannan ƙarin aiki, in ya daɗe, yana iya gajiyar da matatan. Sai dai hujjojinsa sun fi dogara ga gwaji a kan dabbobi da masu ciwon ƙoda. A 2003 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka da ya bi mata 1,624 tsawon shekara 11. Yawan furotin bai rage ƙarfin ƙodar waɗanda ke da lafiya ba, amma an ga alamar yana hanzarta lalacewar ƙodar waɗanda tasu ta riga ta fara rauni. A 2018 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara gwaje-gwaje 28, su ma ba su ga lahani ga masu lafiya ba. Amma a lura, yawancin gwaje-gwajen nan na makonni ne ko watanni.

Ina haɗarin yake?

Matsalar ita ce ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna alama ba. Mutum na iya ɗaukar kansa lafiyayye alhali hawan jini ko ciwon sukari sun daɗe suna cin ƙodarsa. Ga irin wannan mutum, likita ne zai ƙayyade masa furotin. Gishirin da ke cikin kilishi da tsire kuma yana ƙara hawan jini. Haka nan yin noma cikin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan wuce digiri 40, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ba da umarnin likita ba, duk suna cutar da ƙoda. Wanda ƙodarsa ta gaza sai an kai shi wankin ƙoda, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, aiki mai tsada da ba a gama shi a zuwa ɗaya.

Saboda haka kada tsoro ya sa a hana yara masu tasowa wake da ƙwai da nono, domin jikinsu na bukata. Babba kuwa ya auna jininsa da sukarinsa, a kuma duba fitsarinsa. Rigakafi ya fi magani.

Aiki ga ɗalibai

1. Auna nauyinka, ka lissafa giram nawa na furotin kake bukata a yini.
2. Bayyana hanyar da yuriya ke bi daga hanta zuwa fitsari.