Kunne Ma Sai da Tarbiyya: Nasiha ga Masu Neman Kiɗan Jaz

 Kwanakin baya wani ɗan ƙanena ya tarar da ni ina sauraron wani tsohon faifai. Ya tsaya jim kaɗan, sai ya ce, "Baba, ina wannan kiɗa ya dosa? Babu waƙa, kowa sai busa abin da ya ga dama yake yi." Ban ga laifinsa ba. Mu ma da muka fara tsintar jaz a gajeren zango, a shirin da Willis Conover ya daɗe yana gabatarwa a Muryar Amurka, ba dare ɗaya kunnenmu ya buɗe ba. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku ɗan abin da shekaru suka koya mini.

Da farko ku san cewa jaz hira ce. An haife shi a birnin Niyu Olins na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Makaɗan sukan fara da karin da duk suka sani, sannan kowa ya karɓi magana bi da bi, ya faɗi tasa nan take ba tare da ya rubuta ba, a ƙarshe su koma inda suka faro. Wanda ya taɓa jin yadda kalangu ke magana, ko yadda 'yan amshi ke tarar ubangidansu, ba baƙo ba ne a wannan zaure.

Ku fara da Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka naɗa a Niyu Yok a 1959 cikin zama biyu kacal. A kiɗan farko, So What, mai bas ne ke yin kira, sauran su amsa masa da sauti biyu. Daga nan Miles ya shigo da ƙahonsa a natse, kamar dattijon da ke auna kowace kalma. John Coltrane ya biyo shi da zafin nema, Cannonball Adderley kuma ya zo da fara'a. Ku ajiye waya, ku saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Kashegari ku maimaita, amma ku bi kayan kiɗa ɗaya tak, ko ganga ko fiyano. A ji na uku za ku tarar da abin da ya wuce ku a na farko. Mahaƙurci mawadaci.

Abu na biyu, ku riƙa karanta sunayen da ke bayan faifai, domin su ne taswirar hanya. Manhajar waya za ta yi ta turo muku abin da ya yi kama da wanda kuka ji jiya, amma sunaye sukan kai mutum gidan da bai taɓa zato ba. In Coltrane ya burge ku, ku bi shi zuwa A Love Supreme, wanda ya naɗa a watan Disamba na 1964 domin godiya ga Ubangijin da ya tsamo shi daga shaye-shaye. Kashi huɗu ne, kuma yana son zuciya mai natsuwa. In fiyanon Bill Evans a Kind of Blue ne ya kama ku, ku nemi Waltz for Debby. Haka ake yi, wannan ya miƙa ka ga wancan, kamar yadda ɗalibi ke bin malaman malaminsa.

Wannan bin sawu zai dawo da ku har ƙofar gida. Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Yusef Lateef, mai Eastern Sounds na 1961, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani, kuma ya bar mana faifai mai suna In Nigeria. Mutum ya tsallako teku domin ya koyi busar da muke ji a bayan gari ba mu ko waiwaya. Wannan kaɗai ya isa darasi.

Abu na uku, da tsohuwar zuma ake magani, amma ƙudan zuma bai daina aiki ba. Kada wani ya ce muku jaz ya mutu da mazan jiya. Kamasi Washington ya fitar da The Epic a 2015, kiɗan da ya kusa awa uku. Tony Allen, makaɗin gangar Fela, ya karrama Art Blakey da faifai a 2017, domin daga sauraron irin su Blakey ya gyara hannunsa. Samara Joy, matashiya mai muryar manya, ta lashe kyautar Grammy a 2023 bayan fitar Linger Awhile. A shekarar 2023 ɗin ce kuma Ezra Collective na Landan, ƙungiyar da Femi Koleoso mai asali da Nijeriya ke jagoranta, ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury. Ku haɗa tsoho da sabo a mako guda, za ku ji yadda jika ke ɗauko muryar kakansa.

Sai batun ba wa wani shawara, kuma a nan ne na fi so ku yi hattara. Na taɓa ɗora wa wani aboki faifai goma a rana ɗaya saboda ɗoki, cikinsu har da masu wuyar shiga kunne. Bai ƙarasa ko ɗaya ba, kuma ya yi shekaru bai sake waiwayar jaz ba. Tun daga ranar na gane cewa baƙo ruwa ake fara ba shi kafin tuwo. Ku tambayi mutum abin da yake so tukuna. Mai son rawa, ku ba shi Ezra Collective. Mai son murya, ku haɗa shi da Ella Fitzgerald. Mai neman abin da zai kwantar masa da rai bayan aiki, ku miƙa masa At the Pershing na Ahmad Jamal. Faifai ɗaya ya isa, tare da magana ɗaya kan abin da ya taɓa zuciyarku a cikinsa. In ya ce bai ji daɗinsa ba, kada ku raina kunnensa. Sanin sunaye ba abin taƙama ba ne, amana ce da wani ya ba ku kyauta.

Kuma komai daɗin kiɗa, kada ya shiga lokacin salla, ko na karatu, ko na iyaye. Kowane abu da muhallinsa.

Saboda haka, 'ya'yana, a wannan makon ku zaɓi faifai ɗaya, ku ba shi haƙƙinsa na sauraro sau uku, sannan ku kai wa aboki ɗaya. Allah Ya ba ku kunnen ji da zuciyar fahimta, Ya yi muku albarka.