Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Ƙanina Mai Neman Aikin Teku

Ɗana, ka sani ba daga bakinka na ji labarin nan ba, mahaifiyarka ce ta faɗa mini. Ta ce tun bayan Sallah kana Fatakwal, kana zarya tsakanin tashar Onne da gidan wani mutum da ya yi maka alkawarin haɗa maka takardun aikin jirgi cikin sati guda, ba shiga aji, ba jiƙa ko ɗan yatsa. Ta ce har ka matsa mata ta sayar da tumakinta. Na ga gara in rubuta maka a fili, don na san ba kai kaɗai ne yaronmu da ke tsaye a ƙofar irin wannan mutumin ba.

Ban hana ka neman aikin ba. Da shi na ci, da shi na aurar da yayyenka mata, kuma halal ne. Nufina in jera maka takardun da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, amma bari ka fara sanin inda za ka. Jirgin da kake so shi ne mai kai wa rijiyoyin mai na cikin teku kaya: bututu, siminti, lakar haƙa, man gas, ruwan sha da abinci a kwantena. Bayansa fili ne buɗaɗɗe, a nan za a tsayar da kai, ƙugiya tana saukowa daga sama da kaya masu nauyin tan-tan, igiyar ruwa tana ɗaga jirgin tana saukewa. Wuri irin rijiyar man Bonga yana da nisan kilomita 120 daga gaɓa. In wuta ta tashi, ku ne 'yan kwana-kwana. In wani ya karye, ku ne asibiti har taimako ya iso.

Takarda ta farko ita ce wadda ake kira STCW, sunan yarjejeniyar da hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla a Landan a 1978, aka gyara ta a 1995, aka sake gyarawa a Manila a 2010. Kwas ɗin tushe abu huɗu ne: yadda za ka tsira in an bar jirgi, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kanka da abokan aiki. Bai fi kwanaki kaɗan ba. Za a sa ka diro cikin ruwa daga sama sanye da rigar ceto, hannu ɗaya a hanci, ɗaya ya danne rigar kada ta doke ka a haɓa. Za a kife kwale-kwalen roba a ce ka juyo da shi. Za a ɗaura maka tukunyar iska a baya, a tura ka ɗakin ƙarfe mai cike da hayaƙi, ka rarrafa cikin duhu ka lalubo mutum-mutumi ka jawo shi waje. Tun gyaran Manila, duk shekara 5 sai an sabunta horon ruwa da na wuta. To, faɗa mini, wanne daga cikin waɗannan mutumin naka zai buga maka a kwamfuta?

Na san amsar da kuke bayarwa, kai da ire-irenka: wai kowa haka yake yi, in an shiga jirgi a koya. Wa zai koya maka, kuma yaushe? Ƙararrawar tashin hankali gajeru bakwai ce da doguwa ɗaya. Lokacin da ta kaɗa da tsakar dare, lantarki ya ɗauke, jirgi ya karkace, babu mai sukunin yi wa wani darasi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da jikinka ya saba da shi kaɗai zai fito, kwanyarka kuwa tsayawa za ta yi cik. Na ga ƙattai masu ƙirji sun manta yadda ake ɗaura rigar ceto a atisaye kawai, rana tsaka, teku lafiya lau.

Wani yaro ne ba ya barin raina. Mun yi aiki tare a wani jirgi, ɗan kirki, mai sallah a kan lokaci, kullum shi ke tashe ni da asuba. An buɗe wani tanki da ya daɗe a rufe, wani ma'aikaci ya sauka bai jira an auna iska ba, ya faɗi. Yaron nan ya leƙa ya gan shi kwance, sai ya bi tsani da gudu zai ɗauko shi. Shi ma bai fito da ransa ba. Babu wuta, babu hayaƙi, babu wari. Tsatsa ce kawai ta shanye iskar da ake shaƙa a ciki, wadda ya kamata a ce ta kai kusan kashi 21 cikin ɗari. Darasin da ake maimaitawa a kowane kwas na gaskiya ke nan: in ka ga mutum ya faɗi a rufaffen wuri, kada ka bi shi, ka buga ƙararrawa, a zo da tukunyar iska da igiya. Daga baya muka gane takardarsa saye aka yi masa. Zuciyarsa ce ta tura shi, zuciya mai kyau kuwa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya hore ta. Ni aka ɗora wa tattara kayansa a kai wa iyayensa. Allah Ya jiƙansa. Ajali ne, na sani, amma wanda ya sayar masa da takardar nan zai yi bayani ranar gobe, haka wanda ya karɓi na goro ya kau da kai.

Kuma akwai iskar da ake kira H2S, mai fitowa tare da ɗanyen mai. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. In ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya zaci ta wuce. Ta fi iska nauyi, don haka ƙasa take kwanciya. Ita ma da ɗan kwas ɗinta.

Ku yaran yanzu labarin Harrison Okene kuka fi so, na ji shi a bakinka ma. Gaskiya ne: a watan Mayu na 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun da ke kusa da Escravos, shi kukun jirgin ya lallaba cikin duhu ya sami lungun da iska ta maƙale, ya zauna kusan kwana uku a zurfin mita 30, har masu nutso da suka zo ɗibar gawa suka tarar da shi da rai. Ikon Allah ne, ba mai musu. Amma su 12 ne a jirgin, shi kaɗai ya fito. Kuna kallon bidiyon a waya kuna kabbara, ba mai tambayar sauran 11. Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Ban san lokacin da kuka mayar da ganganci ya zama imani ba.

Abin da ke ba ni haushi ma, ba teku kake so ba, hoton kake so. Ka ga wane a Facebook da jan kayan aiki da hular kwano, rijiyar mai a bayansa, ka ji ana biyan wasu da dala. A zamaninmu sabon yaro sai ya yi watanni yana kankare tsatsa yana shafa fenti kafin shugaban leburorin bene ya yarda ya riƙe igiyar kaya. Tsohon da ya koya mini aiki yakan ɗaure mana ido da tsumma, ya ce daga gadonka ka kai kanka wurin taruwa, kana ƙirga ƙofofi da matakala. Mun zage shi a ɓoye. Yau duk sallar da na yi sai na sa shi a addu'a, ko da yake ba yarenmu ɗaya ba.

Sai takarda ta biyu, BOSIET, wadda hukumar OPITO ta ƙasar Sukotlan ke tsara ƙa'idarta. Asalin tsananin da ake yi a kanta wuta ce. Ranar 6 ga Yuli 1988 dandalin haƙar mai na Piper Alpha ya fashe a Tekun Arewa, mutum 167 suka mutu, har da biyu daga ƙaramin jirgin ceto da suka je ɗauko mutane. Ma'aikatan dare ne suka tayar da wani famfo, ba su san na rana sun cire masa bawul ɗin kariya don gyara ba. Da yawa sun taru a ɗakunan kwana suna jiran umarni da helikwafta, hayaƙi ya cim musu a nan. Binciken da alƙali Cullen ya yi ya fito a 1990 da shawarwari 106, daga nan harkar horo ta canza. A kwas ɗin BOSIET ne ake ɗaure ka a kujera cikin akwati mai siffar helikwafta, a nutsar da shi a tafki, a kife shi. Hannu ɗaya a taga, ɗaya a maɓallin ɗamara. Ka jira motsi ya tsaya, ka ture tagar, sannan ka kwance. Ba ka hura rigar ceto sai ka fita, in ba haka ba ta manne ka a ciki. Takardar shekara 4 take yi kafin a sabunta. Ba kowane jirgin kaya ke nemanta ba, ya danganta da kamfanin man da kuma ko da helikwafta ake canjin ma'aikata, don haka ka tambaya kafin ka zuba kuɗi. OPITO kuma tana da rajistar duk wanda ya yi kwas ɗin, ana dubawa. Ranar da aka duba ba a ga sunanka ba, ba wannan aikin kaɗai ka rasa ba, harkar ƙarama ce, kowa ya san kowa.

Ga shi takarda ta kusa cika ban gama jerin ba. Akwai kwas na tsaro saboda 'yan fashin teku, akwai littafin ma'aikacin jirgi da hukumar NIMASA ke bayarwa, inda ake rubuta duk jirgin da ka yi wa aiki. Kwas ɗin sarrafa kwale-kwalen ceto da babban kwas na gobara sai ka yi ɗan zama a teku. Na'urar da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya kusa da rijiya kuwa ta hafsoshi ce, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta yanzu. In karatun hafsa kake so da gaske, ga makarantar Oron a Akwa Ibom, ga jami'ar teku ta Nungua a Akara.

Ga abin da za a yi. Ka bar wa mahaifiyarka tumakinta. Ka fara zuwa wurin likitan da hukuma ta amince da shi a gwada ka, musamman ido da kunne, domin wanda ba ya rarrabe ja da kore ba ya aikin tsaron gani a jirgi, kuma gara ka sani kafin a kashe ko kwabo. Takardar likitan shekara 2 take yi. Sannan ka nemi jerin makarantun da NIMASA ta amince da su, ka je da ƙafarka ka ga tafkinsu da wurin kashe wutarsu. Kuɗin kwas ɗin farko ni zan biya, amma a asusun makarantar zan sa, ba a hannunka ba. Kafin nan ka sami wanda zai koya maka iyo, don na san iyakarka wankan kududdufi da damina. Ka kira mahaifiyarka yau, kwana biyu ba ta barci.

Wassalam.
Baffanka.