Cibiya, Baka da Tsirkiya: Warware Matsalolin Da'ira da Harshen Hausa

Gabatarwa

Ɗalibin kwaleji a Maraɗi ko Damagaram yakan gamu da da'ira sau biyu a cikin tambaya guda ta jarrabawar BEPC. Da farko yana gamuwa da ita a matsayin jimlar Faransanci da zai fassara wa kansa, daga baya kuma a matsayin siffar da zai zana ya yi lissafi a kanta. Wanda ya yi tuntuɓe a mataki na farko da wuya ya kai na biyu, ko da ya haddace ƙa'idojin littafi kaf. Tun shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Saboda haka, samar da kalmomin da za su iya ɗaukar hujjar lissafi nauyi ne da ya hau wuyan masu nazarin harshe. Wannan darasi ya ɗauki nau'o'i huɗu na matsalolin da'ira, ya warware su da Hausa, domin a ga cewa dabara guda ce ke buɗe mafi yawansu: a ja layi daga cibiya zuwa bakin da'ira.

Kalmomin aiki

Kalmar da'ira aro ce daga Larabci, kuma a bakin jama'a tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda Faransanci ya raba. Akwai layin da ya zagayo ya haɗe, wato cercle, akwai kuma filin da layin ya killace, wato disque. Hausa na da abin da za ta raba su da shi cikin sauƙi: na farko zobe ne, na biyu faifai. Zobe tsawonsa ake aunawa, faifai kuwa filinsa.

Magini mai shirin ɗaki zagayayye ko rumbu yakan kafa turke, ya ɗaura masa igiya, ya ja ta ta miƙe, sannan ya zagaya yana shata ƙasa. Wannan aiki shi ne ma'anar da'ira gaba ɗaya. Gurbin turken shi ne cibiya. Layin da ya tashi daga baki zuwa baki ta kan cibiya shi ne faɗin da'ira, igiyar kuwa rabin faɗi ce, kuma ita ake rubutawa da harafin r. Tun da igiya ɗaya ce ta shata zoben, kowane ɗigo a kansa nisansa da cibiya r ne, ba ƙari ba ragi.

Sauran kalmomin daga kayan maharbi suka fito. Yanki na zobe baka ne, miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakinsa biyu tsirkiya ce, ɗan layin da ya tashi daga tsakiyar tsirkiya zuwa tsakiyar baka kuma kibiya. Haka Larabci ya yi da ƙaus da watar da sahm, haka Faransanci da arc da corde da flèche. Abin lura ga mai rubutu shi ne, karin sauti da tsawon wasali ne suka raba bakan harbi da baka na magana, lanƙwasar harafi kuma ta raba su biyun da baƙa.

Tarihin kalmar sinus ya isa gargaɗi ga mai ƙirƙirar kalmomi. Masanan Indiya sun kira rabin tsirkiyar da'ira da jya, wato tsirkiya a harshen Sanskrit. Larabawa suka are ta a matsayin jiba. Da yake ba a cika rubuta gajerun wasula ba, sai aka karanta ta jaib, wato buɗin wuyan riga ko aljihu. Mafassaran ƙarni na 12 suka mayar da ita Latin da sinus, mai nufin lanƙwasar riga. Daga wannan al-jaib ɗin ne Hausa ta samo kalmar aljihu. Kalmar da aka ara ba tare da ma'anarta ba takan rasa hoton da ke taimakon mai koyo.

Matsala ta farko: kewaye da fili

An ɗaure akuya a turke da igiya mai tsawon mita 3. Ana son a san filin da za ta iya kiwo, da kuma tsawon shingen da zai kewaye filin.

Tambayar farko ta faifai ce, ta biyu ta zobe. Igiya ita ce r. Filin faifai shi ne π × r × r, wato 3,14 × 3 × 3, ya ba da murabba'in mita 28,26. Tsawon zobe shi ne 2 × π × r, wato 2 × 3,14 × 3, ya ba da mita 18,84. Idan aka ninka igiyar ta zama mita 6, shingen zai ninka sau biyu ya kai mita 37,68, amma filin zai ninka sau huɗu ya kai murabba'in mita 113,04, domin r sau biyu ya shiga lissafinsa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar faɗi a maimakon rabinsa: idan tambaya ta ce bakin rijiya mita 2 ne, to r mita 1 ne.

Lambar π ita ce abin da ake samu idan aka raba tsawon zobe da faɗinsa, kuma ba ta sakewa komai girman da'ira. Arkimidas na Sirakusa, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da siffofi masu gefe 96 ya nuna tana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. A 1424 al-Kashi ya fitar da ita a Samarƙand har lambobi 16 bayan waƙafi. A 1761 Lambert ya tabbatar ba za a taɓa iya rubuta ta a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu ba. Ke nan 3,14 da 22/7 duk kusantarwa ce, kuma amsar da aka samu da su "kusan" ya kamata a ce da ita, a bar "daidai da" ga amsar da aka bar π a cikinta, kamar 9π.

Matsala ta biyu: tsirkiya da kibiya

Magina sun ɗora baka a kan ƙofar zaure, irin wanda suke kira bakan gizo. Faɗin ƙofar mita 2,4 ne, tsinin bakan kuma ya ɗara kafaɗar ƙofar da mita 0,8. A ɗauka bakan yanki ne na da'ira. Nawa ne rabin faɗinta?

Tambayar ba ta ambaci cibiya ba, kuma nan ne ɗalibai da dama ke tsayawa cik. Faɗin ƙofa tsirkiya ce, tsayin nan na 0,8 kibiya. Sai a sa cibiya O a ƙasan tsirkiyar, a ja layi daga O zuwa bakin tsirkiya guda. Wannan layi r ne. A sake jan wani daga O zuwa tsinin baka. Shi ma r ne, kuma yana ratsa tsirkiya a tsakiyarta da kusurwa mai digiri 90. Alwatika ta bayyana: gindinta rabin tsirkiya ne, mita 1,2, tsayinta r − 0,8, dogon gefenta kuma r. Ƙa'idar Fitagoras ta ce a irin wannan alwatika murabba'in dogon gefe daidai yake da jimillar murabba'an sauran biyun:

r² = 1,2² + (r − 0,8)²
r² = 1,44 + r² − 1,6r + 0,64
1,6r = 2,08
r = 1,3

Rabin faɗin mita 1,3 ne. Ana iya tabbatarwa: tsayin alwatikar ya zama 0,5, kuma 0,25 da 1,44 sun haɗu sun ba da 1,69, wanda shi ne 1,3 × 1,3. Da wannan hanya ce mai binciken kufai ke gane faɗin bakin tukunya daga katanga guda da ya tsinta.

Matsala ta uku: layi mai shafa

Layin da ya taɓa zobe a ɗigo ɗaya tak ya wuce, ba tare da ya kutsa cikin faifai ba, shi Faransanci ke kira tangente, daga aikatau na Latin mai nufin taɓawa. A Hausa aikatau "shafa" ya fi dacewa, domin yana ɗauke da taɓawa da wucewa a lokaci guda. Ƙa'idarsa ita ce, rabin faɗin da aka ja zuwa wurin shafar yana haɗuwa da layin da kusurwa mai digiri 90.

Misali: mutum na tsaye a shimfiɗaɗɗen fili irin na Tenere, idonsa na sama da ƙasa da mita 2. Ina iyakar ganinsa? Duniya kusan dunƙulalliya ce, rabin faɗinta kimanin kilomita 6371. Layin gani yana shafar bayan ƙasa a inda sama ta haɗu da ita. A ja layi daga cibiyar duniya zuwa wurin shafar, wato R, a ja wani zuwa idon mutumin, wato R + 2. Idan d ne nisan da ake nema, d² = (R + 2)² − R² = 4R + 4. Da aka mayar da R mita, d² ya zama 25 484 004, d kuma kusan mita 5048. Ganinsa bai wuce kilomita 5 da ɗan ɗoriya ba. Wanda ya hau tudu mai mita 50 zai hango kimanin kilomita 25, in an ajiye ƴar karkatar da iska ke yi wa haske.

Matsala ta huɗu: kusurwa a kan zobe

A da B su ne bakunan faɗin da'ira, C kuma wani ɗigo ne a kan zobe. Ana son a nuna cewa kusurwar C ta alwatikar ABC digiri 90 ce.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a lissafin siffofi gani ba ya zama hujja, domin zane na iya ruɗi. Sai a ja layi daga O zuwa C. OA da OC duk r ne, saboda haka alwatikar OAC na da gefe biyu daidai, kuma kusurwoyinta na A da C ɗaya ne. A kira kowacce x. Haka ma OB da OC, kusurwoyin B da C na alwatikar OBC ɗaya ne. A kira kowacce y. Kusurwar C ta babbar alwatika ita ce x + y. Jimillar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, ke nan x + y + (x + y) = 180, wanda ya nuna x + y = 90.

Wannan reshe ne na babbar ƙa'ida da ke cikin littafi na 3 na Uƙlidis: kusurwar da ke kallon baka daga kan zobe rabin wadda ke kallon bakan nan daga cibiya ce. Idan ta cibiya digiri 110 ce, ta kan zobe 55 ce, duk inda ɗigon ya tsaya a kan ɗaya ɓangaren zoben. Akwai kuma tarkon suna. Littattafan Ingilishi da na Jamusanci suna kiran ƙa'idar rabin da'ira da sunan Tales, alhali a makarantun da ke bin tsarin Faransa sunan Tales na kan wata ƙa'ida dabam, ta layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɗalibin Tawa da ya ari littafi daga Sakkwato na iya rikicewa. Ya fi dacewa Hausa ta kira kowace ƙa'ida da aikinta: ƙa'idar kusurwar rabin da'ira.

Kammalawa

Hanyar aiki a dukan misalan ɗaya ce. A karanta tambaya, a tantance ko zobe take nufi ko faifai. A zana babbar siffa, a sa cibiya ko da ba a ambace ta ba. A ja rabin faɗi zuwa kowane ɗigo mai suna a kan zobe, sannan a nemi alwatika mai gefe biyu daidai ko mai kusurwar digiri 90. A ƙarshe a mayar da amsa cikin tambaya a gwada ta, a kuma rubuta ma'auninta.

Ga masu nazarin harshe, aikin da ya rage ya wuce jera sunaye. Hujja tana rataye ne a kan ƙananan kalmomi irin "tun da", "idan", "saboda haka" da "ke nan", kuma kowacce na buƙatar tsayayyen aiki a littafin makaranta, yadda ɗalibi zai bambanta abin da aka ba shi da abin da ya fitar da kansa.

Aikin gwaji: da'ira mai rabin faɗi santimita 10 tana da tsirkiya mai tsawon santimita 16. A nemo nisan tsirkiyar daga cibiya da tsawon kibiyarta, a rubuta kowane mataki da cikakkiyar jimlar Hausa. Wanda ya bi hanya zai samu 6 da 4.