DARASI: SAYAR DA BASHIN GIDA A KASUWAR KUƊI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa, jinginar gida mun san ta a Gusau da Tsafe da Bunguɗu: mutum ya ajiye takardar gidansa, a ba shi rance, ran da ya biya ya karɓi abinsa. Mai bin bashi sananne ne, idan damina ta ɓaci ana iya aika masa dattawa.

To, na banki ba haka yake tafiya ba. Banki ba ya son kuɗinsa su kwanta shekara 20, sai ya tara basussukan gidaje dubbai ya yi dami guda, a yanka damin kashi-kashi a takarda, a sayar wa masu jari. Abin da mai gida ke biya duk wata, uwar kuɗi da ruwa, shi ake raba musu. A Amurka aka fara wannan a 1970, da lamunin hukumar Ginnie Mae. Da banki ya ga ba shi zai riƙe bashin ba, me ya dame shi da ko mutum zai iya biya? Haka aka yi ta bai wa marasa hali, har abin ya fashe a 2008, bankin Lehman Brothers ya durƙushe, aka fitar da miliyoyin mutane daga gidajensu. Wa za a aika wa dattawa?

Kada wani ya ce ai can ne. A 2013 aka kafa kamfanin NMRC a ƙasar nan, yana sayar da takardun bashi, yana ba bankuna kuɗin a kan basussukan gidajen da suka bayar. A 2015 ya sayar da na naira biliyan 8.

Hukuncin a fili yake. Asalin rancen da ruwa ne, wato riba, a duba Suratul Baƙara, aya ta 275 zuwa 279. Sannan jumhurun malamai sun hana sayar da bashin kuɗi da kuɗi, da ragi ko da ƙari. Wanda ya sayi takardar mai cin riba ne, ko bai taɓa ganin gidan ba.

Kai ma'aikaci, a nan za ka lura. Kamfanonin fansho suna zuba ajiyarka a takardun bashi masu ruwa. Tun 2021 hukumar PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba ruwa a ciki. Je ka ofishin kamfaninka ka nemi a mai da kai can.

Wallahu a'alam.