Me Ya Sa Magoya Bayan Ƙwallon Kwando Ke Jayayya Kan Gari?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya tambaya: me ya sa magoya bayan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ke ta da jijiyar wuya kan garin da za a yi gasa?

To Malam, lamarin ya ta'allaƙa ne da nisa da kuɗin tafiya. Ɗauki gasar rukunin jami'o'i na ACC. Garin Greensboro ya fi kowane gari karɓar baƙuncinta, kuma daga jami'ar Duke ko ta North Carolina tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Magoya bayansu sukan cika ɗakin wasa, ihunsu ya danne na kowa, su koma gida su kwana. Mai goyon bayan jami'ar Syracuse kuwa, da yake tana nesa, sai ya biya jirgi da masauki. A 2017, da aka kai gasar Brooklyn, kocin Syracuse Jim Boeheim ya fito fili ya kushe Greensboro. A ganina ƙorafin nasa da hujja.

A babbar gasar NCAA ta watan Maris, kwamiti ne ke raba garuruwa. Tun 2002 ana ƙoƙarin ajiye ƙungiyoyi mafi ƙwazo kusa da gida a zagayen farko.