Darasi na 14: Doki, Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ka iya bayyana yadda ake horar da doki, da yadda ake kula da shi a lokacin wasa, da lokacin jinya, da lokacin tsufa. Za ka kuma koyi sababbin kalmomi da suka shafi doki da kayan hawa.

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa kallon hawan salla, babu shakka ka ga dawaki sun sha ado, mahaya suna sukuwa, jama'a suna tafi. Abin da ka gani a wannan rana ɗaya aikin shekaru ne. Kafin doki ya fito fili, wani ya yi ta ɗawainiya da shi safe da yamma. Bayan an watse kuma, akwai tambayar da mutane ba su cika yi ba: ina makomar dokin da ya ji rauni, ko wanda ya tsufa? Wannan darasi zai amsa maka ita.

Doki a ƙasarmu

Doki dabbar sarauta ce a Arewacin Nijeriya. A Kano ana danganta hawan salla da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A Katsina kuwa, Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya raya wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo (1944 zuwa 1981) kuma ya shahara ƙwarai a wannan wasa.

A Jihar Adamawa ma haka abin yake. Masarautar Mubi tana da hakimai da dagatai waɗanda suke ajiye dawaki domin hawa. Ka dubi Sahuda, garin da yake kan iyakar Nijeriya da Kamaru a yankin Mubi, kusa da duwatsun Mandara. Ƙasar wannan yanki tana da duwatsu da tsakuwa, waɗanda suke cin kofaton doki. Dabbobi kuma suna ƙetare iyaka a kan hanyarsu ta zuwa babbar kasuwar shanu ta Mubi, cuta kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Saboda haka mai doki a irin wannan wuri yana bukatar lura sosai.

Horar da dukushi

Goɗiya tana ɗaukar ciki na kimanin wata 11, sannan ta haifi dukushi. Hausawa suna cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun dukushi yana ƙarami ake saba masa da hannun mutum. Ana shafa shi, ana ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ana sa masa ragama a ja shi a hankali. Daga baya sai a koya masa karɓar linzami, sannan a ɗora masa sirdi ba tare da mahayi ba, har ya daina tutsu.

Kada ka yi gaggawar hawansa. Ƙasusuwan doki, musamman na gadon baya, ba su gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Ana iya fara hawansa kaɗan-kaɗan yana da shekara 3, amma aiki mai nauyi sai daga baya. Masana dawaki suna gane shekarunsa ta haƙora, domin haƙoran nono na gaba suna fara faɗuwa yana da shekara biyu da rabi, kuma yakan gama famfara yana da shekara 5.

Horo yana tafiya daki-daki: tafiya, sannan sassarfa, sannan sukuwa. Kilisa ta kullum, da sassafe ko da la'asar, ita ce take gina ƙarfin zuciyarsa da jijiyoyinsa. Dokin da zai shiga hawan salla kuma dole ne a saba masa da ganga da algaita da ƙarar bindiga, don kada ya firgita a cikin taro. Duka ba ya koya wa doki komai sai tsoro, doki mai tsoro kuwa haɗari ne ga mahayinsa da 'yan kallo.

Abinci da tsabta

Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya yin amai. Don haka abincin da ya ɓata masa ciki ba shi da hanyar dawowa, sai ya zama ciwon ciki mai tsanani, wanda yakan kashe shi. Ka riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana.

Tushen abincinsa shi ne ciyawa da ingirici da harawa. A kowace rana yana bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Ma'ana, doki mai nauyin kilo 350 zai ci kusan kilo 7. Dawa da gero da dusa ƙari ne, gwargwadon aikin da yake yi. Idan aka cika masa hatsi alhali yana tsaye a turke, yakan kamu da kumburin cikin kofato. A ƙasar Hausa ana ba shi kanwa kaɗan, gishiri ma yana da amfani. Yana shan ruwa lita 25 zuwa 50 a rana, a lokacin bazara ma fiye da haka.

A share barga kullum, domin danshi da kashi suna ruɓar da kofato. A kankare ƙasa da tsakuwa daga ƙarƙashin kofato kafin hawa da bayan sauka. Kofato yana tsiro kamar farce, saboda haka a datse shi bayan kowane mako 6 zuwa 8.

Ranar wasa

A wasu ƙasashe akwai wata gasar dawaki mai matakai uku, wadda take cikin wasannin Olamfik tun 1912. A mataki na farko ana gwada ladabin doki da biyayyarsa. A na biyu yana ratsa fili mai nisa, yana tsallake gungumen itace da ramuka da ruwa. A na uku yana tsallake sanduna a cikin da'ira. Ɗaya daga cikin manyan irin wannan gasa ana yin ta a Badminton, a Ingila, tun 1949. Abin lura shi ne, a manyan gasanni ana duba kowane doki kafin a fara, a sake duba shi kafin mataki na ƙarshe. Dokin da aka ga yana ɗingishi ana fitar da shi, ko da shi ne a kan gaba. A wasan folo ma, kowane zagaye kimanin minti 7 ne, kuma ɗan wasa yakan sauya doki domin wanda ya gaji ya huta.

Wannan ƙa'ida ta dace da hawan salla da hawan angwanci da sukuwar ƙauye. Kafin hawa, ka sa a yi sassarfa da dokin a gabanka, ka lura da takunsa. Ka duba majayi da likkafa. Kada sirdi ya matse shi, domin yakan yi masa miki a gadon baya. Kada a ƙosar da shi da hatsi dab da sukuwa. Bayan an gama, kada ka ɗaure shi nan take. Ka zaga da shi a hankali, ka zuba masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da ƙafafu, ka ba shi ruwan sha har numfashinsa ya daidaita.

Rauni da cuta

Doki ba ya magana, amma jikinsa yana ba da labari. Idan yana cikin hutu da ƙoshin lafiya, zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, zafin jikinsa kuma yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos. Ƙin cin abinci, da yawan birgima, da waiwayen ciki, da kumburin ƙafa, duk alamu ne na cewa a kira likitan dabbobi.

Ƙafafun gaba su ne suke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa rauni ya fi samun su. Idan jijiyar bayan ƙwauri ta yage, wurin yakan kumbura ya yi zafi. Taimakon farko shi ne a sauka daga kansa, a zuba wa ƙafar ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20, a bar shi ya huta. Irin wannan jijiya takan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ta warke. Idan yanka ne, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri. Kada a shafa baƙin mai ko toka. A tabbata an yi masa allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, domin ƙwayoyinta suna zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Da damina akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba, waɗanda suke yaɗa annobar dawaki ta Afirka. A shigar da doki barga kafin faɗuwar rana. Ƙudan tsando kuma yana kawo sammore. Doki baƙo, ko daga kasuwa ya zo ko daga ƙetaren iyaka, a ware shi na kimanin mako 2 zuwa 3 kafin a haɗa shi da sauran. A Vom, cikin Jihar Filato, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1924. Rigakafi dai ya fi magani.

Yanzu ka yi tunani a kan wannan. A ce saura kwana 3 salla, an ɗinka kaya, an gayyaci baƙi, sai doki ya fara ɗingishi. Wani zai ce a yi masa allurar kashe zafi a hau. Allurar tana ɓoye ciwon ne kawai, ba ta warkar da shi. Dokin zai yi gudu a kan jijiyar da ta riga ta yage, ƙila ya gurgunce har abada, ƙila ma ya faɗi da mahayinsa a tsakiyar jama'a. Wanda ya haƙura da salla ɗaya zai iya hawan dokinsa a salloli masu yawa.

Tsufa da hutu

Dokin da ya samu kulawa yakan rayu shekara 25 zuwa 30, amma ƙarfinsa yana raguwa tun kafin nan. Bayansa yakan lotsa, gaɓoɓinsa su sage, haƙoransa su cinye har ya kasa tauna. A nan ne ake gane halin mai doki. Wasu sukan yasar da shi a bakin turke, ko su sake shi ya yi ta yawo a juji yana cin leda. Wannan butulci ne ga dabbar da ta ɗaukaka sunan gidansu.

Tsohon doki yana bukatar abinci mai laushi, kamar jiƙaƙƙiyar dusa da yankakkiyar harawa. Yana bukatar inuwa, da 'yar tafiya ta kullum, da zama kusa da 'yan'uwansa, domin doki dabbar garke ce. Sau da yawa shi ne mafi dacewa da koya wa yara hawa, saboda ya san komai kuma ba ya firgita. Idan ciwonsa ya kai inda babu magani, a nemi shawarar likita don kada a bar shi cikin azaba. Duk wanda zai sayi dukushi, to, ya lissafa da abincin tsufansa tun daga ranar ciniki.

Ma'anar kalmomi

- goɗiya: macen doki
- dukushi: ɗan doki ƙarami
- ragama: igiyar da ake sa wa doki a kai don a ja shi
- linzami: ƙarfen da ake sa wa doki a baki
- majayi: ɗamarar da take riƙe sirdi
- likkafa: inda mahayi yake sa ƙafa
- kilisa: hawan doki don motsa jiki
- tutsu: tsalle-tsallen doki don ya kayar da mahayi
- ingirici: busasshiyar ciyawa
- barga: wurin ajiye dawaki

Nahawu: umarni da hani

Dubi waɗannan jimloli: Ka duba majayi. Kada ka ɗaure shi. Ta farko umarni ce, ta biyu hani ce. Ana gina hani da kalmar kada. Idan mace ake yi wa magana sai a ce: Ki duba, kada ki ɗaure. Idan mutane da yawa ne: Ku duba, kada ku ɗaure.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a ɗora wa dukushi aiki mai nauyi?
2. Kilo nawa na busasshen abinci doki mai nauyin kilo 300 zai ci a rana?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa mai doki a Sahuda yake bukatar lura sosai.
4. Mene ne haɗarin yi wa doki mai ɗingishi allurar kashe zafi a hau shi?
5. Mayar da waɗannan zuwa hani: Ki hau dokin. Ku ba shi hatsi.

Aikin gida

Ka ziyarci wani mai doki a garinku, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi yadda yake kula da dokinsa idan ya tsufa. Ka rubuta abin da ya gaya maka a cikin jimloli 10, ka kuma rubuta sunayen kayan hawa guda 5 da Hausa da harshenka na gida.